Kwarin Jagst, inda fanka ke ciyar da gari

Daga Stuttgart na kama jirgin ƙasa zuwa Heilbronn, na sauya wani zuwa Waldenburg, daga nan kuma sai bas, domin jirgin fasinja ya daina shiga Künzelsau, garin da zan bi ta cikinsa, tun 1981. Niyyata in ga Mulfingen, wani ɗan gari a bakin kogin Jagst da ke jihar Baden-Württemberg ta Jamus, wanda mutanensa ba su kai dubu huɗu ba, amma a cikinsa hedikwatar kamfanin ebm-papst mai ƙera fanka take. Wanda ya taɓa buɗe bayan firijin babban kanti ko na'urar sanyaya ɗakin kwamfutoci, ba mamaki ya ga wannan suna a jikin fanka.

Tun a tashar Waldenburg labarin ya fara tarar da ni. Ga masana'antar Ziehl-Abegg can a fili kusa da babbar hanya, kuma tushen komai daga wajenta yake. A Balin Emil Ziehl da Eduard Abegg suka kafa ta a 1910, suna ƙera injinan lantarki. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, sojojin Sobiyet suka kwance injinan masana'antar suka kwashe. 'Ya'yan Emil, Günther da Heinz, suka yo kudu, a 1949 suka sake kafa kamfanin a Künzelsau, inda ake da mai sayen injinansu na lif, na'urar hawa bene. Ba ma'adini ko tashar ruwa ce ta jawo su ba. Yaƙi ne ya koro su, suka tarar da 'ya'yan manoma masu neman aikin hannu.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne yadda sana'ar ta hayayyafa. Wilhelm Gebhardt ya bar Ziehl-Abegg ya buɗe nasa a Waldenburg a 1958. Karl Rosenberg ya yi haka a Künzelsau a 1981. Tsakaninsu kuma, a 1963, Gerhard Sturm, wanda shi ma a gidan ya ƙware, ya haɗa hannu da Heinz Ziehl suka kafa Elektrobau Mulfingen, wato ebm a taƙaice, da ma'aikata 35. Kamar dai yaran maƙera ne da ubangida ya yaye, kowa ya kafa uwar maƙerarsa bai yi nisa da gida ba. Yanzu suna gogayya a kasuwar duniya, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tafiyar mota ta ɗan lokaci ba.

Hanyar Mulfingen hawa ce da gangara: a hau tudu cikin gonaki, sannan a lanƙwasa a sauka kwari. Garin majami'a ne da gidaje masu jan rufi da gada, sai dogayen gine-ginen masana'anta da suka miƙe a gefen kogi. Kwarin ya yi musu kaɗan, shi ya sa suka hau tudu suka gina wata masana'antar da rumbun aika kaya a Hollenbach. Na iso dab da sauyin aiki, na tsaya ina kallon bas-bas da motoci suna kwasar ma'aikata zuwa ƙauyukan kewaye.

A nan na sami wata fanka da aka ajiye don kallo, na juya ta da yatsa. A injin da aka saba da shi, abin da ke ciki ne ke juyawa, kwanson waje yana tsaye. A wannan kuwa akasin haka ne: naɗin wayar tagulla yana kafe a tsakiya, kwanson ne ke zagaya shi, kuma a jikin kwanson aka manna fikafikan. Ba bel, ba dogon ƙarfen juyi. Injin ya lafe a cikin cibiyar fankar, iskar da yake turawa ita ke sanyaya shi. Wannan dabara ce ta sa fankar ta zama siririya har take shiga wuraren da wata ba za ta shiga ba. Daga baya suka ƙara mata maganaɗisu da ɗan allon lantarki mai sarrafa gudu. Ribar a lissafi take: idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙarfin da take buƙata yakan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Ga mai kanti da fankokinsa ke aiki dare da rana, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Rabi na biyu na sunan ebm-papst daga wani gari ya zo. A 1992 kamfanin ya sayi Papst na St. Georgen da ke yankin Baƙin Daji (Black Forest), a 1997 ya ƙara da wata masana'anta a Landshut, sai a 2003 aka haɗe su da suna ɗaya. Yau cinikinsa ya haura Yuro biliyan 2 a shekara, yana da masana'antu a Amurka da Chaina da Indiya.

A ganina wannan zama a ƙauye yana da farashinsa. Manyan motocin kaya sai sun sha hawan tudu kafin su kai babbar hanya, kuma shawo kan matashin injiniya ya bar Stuttgart ya zauna a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Bas ma da wuri take ɗaukewa. Na duba jadawalin da ke manne a tasha, na ga idan na tsaya cin abincin dare to sai dai in kwana, sai na hau ta Künzelsau.