Laraba: gardamar McConnell

Sanyi ya ɗan lafa yau. An kawo wuta da asuba, an ɗauke kafin hantsi. Auta ta warke, har ta koma makaranta, alhamdulillahi.

Maganar Kawu ce ta tsaya min a rai tun la'asar. Ya ji ana batun sanatan Amurka Mitch McConnell a rediyo, sai ya ce, "Kai da kake bin siyasar Amurka, wannan tsohon ai ɗan amshin shatan Trump ne kawai." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ai shi ya share wa Trump fage tun Trump bai ci zaɓe ba."

An haifi McConnell a Alabama a 1942, jihar Kentucky ta tura shi Majalisar Dattawa a 1984 da ratar ƙuri'a kusan 5,000 kacal. Ya shugabanci sanatocin jam'iyyar Republican daga 2007 zuwa 2025, ba wanda ya taɓa daɗewa haka a shugabancin jam'iyya a majalisar. Ba gwanin baki ba ne. Ƙarfinsa jadawali ne, domin shugaban masu rinjaye shi ke yanke abin da za a kawo zaure da abin da zai kwana a aljihun tebur.

Na warware wa Kawu yadda ake naɗa alƙalin Kotun Ƙoli. Shugaban ƙasa ya aika suna, kwamitin shari'a ya tantance, ya kira mutumin ya yi masa tambayoyi, ya kaɗa ƙuri'a, sannan a kai zaure. A da, sai an sami sanata 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a shiga ƙuri'ar ƙarshe. Alƙali Scalia na Kotun Ƙoli ya rasu ranar 13 ga Fabrairu 2016, a ranar McConnell, wanda shi ne shugaban masu rinjaye a lokacin, ya ce a bar wa jama'a su zaɓa, sai sabon shugaban ƙasa ya cike gurbin. Obama ya aika sunan Merrick Garland ranar 16 ga Maris. Chuck Grassley, shugaban kwamitin, ya ƙi kiran zama. Sunan ya yi kwana 293 har wa'adin majalisar ya ƙare.

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Doka ta yarda da haka?" Na ce tsarin mulkinsu cewa ya yi sai da shawarar majalisa da amincewarta, bai sa wa'adi ba, bai kuma ce dole a zauna ba. Ta wannan kafar ya shiga.

Da Trump ya hau, a Afrilun 2017 McConnell ya rushe sharaɗin 60 ɗin a kan Kotun Ƙoli, Gorsuch, wanda Trump ya zaɓa ya cike gurbin, ya wuce da ƙuri'a 54 da 45. Adalci ne a faɗa, Harry Reid, shugaban sanatocin Democrat a lokacin, shi ne ya fara rushe shi a 2013 a kan ƙananan kotuna. A 2019 kuma aka rage lokacin muhawara kan alƙalan kotunan gunduma daga awa 30 zuwa awa 2. Haka Trump ya naɗa alƙalan tarayya sama da 230 cikin shekara huɗu, kujerun da ba a sauka sai mutuwa ko murabus ko tsigewa.

Inda nake jin ɗaci shi ne 2020. Alƙaliya Ginsburg ta Kotun Ƙoli ta rasu 18 ga Satumba, ranar 26 ga Oktoba an tabbatar da Amy Coney Barrett a gurbinta da 52 da 48, saura kwana takwas zaɓe. Kawu ya ce, "To ina maganar a bar wa jama'a su zaɓa?" Hujjar McConnell ita ce a 2016 majalisa da fadar shugaban ƙasa suna hannun jam'iyyu daban, a 2020 kuwa jam'iyya ɗaya ce. Ban gamsu ba, ban kuma ɓoye wa Kawu ba. Mai ra'ayin riƙau da ke cewa yana kare al'adar majalisa bai kamata ya lanƙwasa ta duk sanda ta tsaya masa a hanya ba.

Daga nan hirar ta yi sanyi, don na ambaci shan inna. Ta kama McConnell yana ɗan shekara biyu, mahaifiyarsa ta yi ta kai shi Warm Springs a Georgia ana gasa masa ƙafa. A Fabrairun 2025 shi kaɗai ne cikin 'yan Republican ya ƙi amincewa da Robert Kennedy ƙarami a matsayin sakataren lafiya, saboda shakkun da yake yaɗawa kan rigakafi. Mu da muka ga abin da dakatar da allurar a 2003 ya jawo wa yaran Kano, wannan ƙuri'a ta taɓa mu. Kawu ya ce, "Ashe yana da zuciya."

Yana da ita, amma Kennedy ya wuce da 52 da 48, a lokacin kuma McConnell ya riga ya sauka daga shugabanci. Sanda kalmarsa ke juya sanatoci, a Janairun 2021, ya ƙi dawo da majalisa daga hutu don shari'ar tsige Trump. Da aka yi shari'ar a Fabrairu ana neman 67, aka sami 57, shi yana cikin 43 da suka wanke shi, hujjarsa wai ba a hukunta wanda ya bar kujera. Sannan ya miƙe a zaure ya ce alhakin harin da magoya bayan Trump suka kai wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairu yana wuyan Trump. Wannan ne ya hana ni sakewa har dare.

Gobe zan kai Hajiya ganin likita, sai na nemi mai tun da sassafe.