Abin da fitilar taimin ba ta nuna min ba

Injin kwale-kwalen da nake aiki da shi a Yauri mai doki 40 ne, silinda biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Wata rana farfela ta daki kututture a ƙarƙashin ruwa, cikin itatuwan nan da tafkin Kainji ya shanye tun da aka datse kogi a 1968. Daga nan inji ya canza hali. In ka ja igiya da safe sai ta fizge maka hannu, in kuma an yi lodi aka buɗe masa wuta sai ƙwanƙwasa da zafi. Kowa a bakin ruwa ya ce kafireta ce. Na wanke ta, na sa sababbin fulogi, shiru.

Sai na koma kan taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. A irin wannan inji, in yana sulo wutar na zuwa ne dab da fistin ya kai ƙarshen hawansa, in an buɗe mai duka kuma takan riga shi da digiri ashirin da wani abu. Ainihin lambar tana littafin kowane inji, kuma ita ake bi, ba kunne ba. Wuta in ta yi sammako fistin ke shan duka, har ya kan huje. In ta makara, ƙarfi ya tafi, mai ya ƙone a banza.

Na tsoma ƙafar injin a durom cike da ruwa, don famfon da ke sanyaya shi roba ce, ba ta jure gudu a bushe. Na maƙala fitilar taimin, wadda ke walƙiya duk lokacin da fulogi ya ba da wuta, a wayar fulogin sama, na haska fulawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a saman inji. Layi ya zauna daidai kan alama. To ina matsalar?

Maigidan da na koyi aiki a wurinsa ya leƙo, ya ce, "Kai yaro, ka tambayi fistin tukuna?"

Nan ne darasin yake. Alamomin digiri a jikin fulawil suke, maganaɗisun da ke ta da wutar ma a jikinsa yake. In fulawil ya goce daga mazauninsa, tare za su goce, fitila kuma ta ci gaba da nuna maka komai lafiya. Sai mun nemi ƙololuwar fistin da kanmu. Muka cire fulogi, muka ɗaura wani ƙarfe mai tsayi a raminsa. Na juya fulawil da hannu a hankali har fistin ya taɓa ƙarfen, na sa alli. Na juya ta ɗaya gefen har ya sake taɓawa, na sa alli. Tsakiyar layukan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya, kuma ta yi nisa da sifilin da ke rubuce.

Da muka zare fulawil da fula, wato ƙarfen da ake janyo shi da shi (kada a sa masa guduma, maganaɗisu ba ya son duka), sai ga ɗan makullin nan mai siffar rabin wata, wanda ke tsayar da fulawil daidai a mazauninsa, ya tsage. Lokacin da kututture ya tsayar da inji, nauyin fulawil ya wuce da shi gaba, wuta ta koma zuwa da wuri. Na sa sabon makulli, na goge mazaunin tas ba ɗigon mai, na ɗaure noti da ƙarfin da littafi ya faɗa.

Bayan haka ne na taɓa sukurorin saiti, kuma kaɗan suka buƙata. Na sulo na gyara shi a durom. Na cikakken gudu kuwa sai a kan ruwa, inji cikin giya yana jan kaya, ƙanena na riƙe da tuƙi ni ina haskawa, hannun rigata a naɗe saboda fulawil a buɗe yake. Ban yarda a zuga inji fanko a kan tudu don a karanta wannan lambar ba. Gudun zai wuce kima, kuma injin da za mu ɗauki mata da yara mu haye da su ranar kasuwa ne.