Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Kayen Ɗaukewar Haila

Assalamu alaikum ƴan uwa mata. Makon jiya mun tsaya a kan aikina na ungozoma a Tahoua. Yau labarin zai ɗan jira, don tambayar ɗaukewar haila ta yi yawa.

Galibi tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta tafi sai an yi wata 12 cur babu ɗigon jini. Kafin nan takan yi shekaru tana zuwa tana ɓacewa. Shi ya sa nake cewa a sayi kaye, wato littafin rubutu, da biro, wata ɗaya shafi ɗaya. Bayan isha'i ki rubuta: ranar da jini ya zo da ranar da ya tsaya, ƙunzugu nawa kika canza, sau nawa zafin nan ya taso miki daga ƙirji zuwa fuska, me kika sha kafin ya zo, sau nawa gumi ya tashe ki. Wadda ba ta yi boko ba, sai ta yi da ajami, ko ta ja sanda-sanda.

A Afrilu da Mayu kowa a Adar gumi yake, to yaya za a bambance? Na ɗaukewar haila farat ɗaya yake zuwa, minti 1 zuwa 5 ya wuce, wani sa'in da bugun zuciya, sai sanyi ya biyo. Ki auna jikinki. In zafinsa ya kai digiri 38, zazzaɓi ne, a je a gwada cizon sauro. In kayen ya nuna shayi mai zafi ko yaji ke tado shi, ki rage, ki koma atamfar auduga, leshin roba ya huta.

Inda lissafi ke ɓaci shi ne allurar tazarar haihuwa. Ita kanta tana tsayar da jini, don haka watanninta ba sa shiga ƙirga. Kuma, Hajiya, ciki na iya shiga: wadda ba ta kai shekara 50 ba, sai ta ci gaba da kariya shekara 2 bayan jinin ƙarshe, wadda ta haura, shekara 1.

Kayen na warware rigimar salla ma. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, kuma malami zai tambaye ki kwanakin da kika saba.

Abin da ba a jira da shi: jinin da ya wuce kwana 7, ko mai jiƙa ƙunzugu kowace awa, ko bayan saduwa, ko ɗigo ɗaya bayan wata 12 ɗin nan. Wannan ba na jiƙo ba ne, ki kai kayen asibiti a duba mahaifa. Haka wadda tata ta ɗauke kafin shekara 40.

Mako mai zuwa, in sha Allah, bushewar gaba da kayan matan da ke ƙara ta.