Ƙananan Kalmomin da Ke Tsakanin Aikatau da Suna a Ingilishi

Ɗalibin unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, ƙasar Gana, zai iya haddace "go, went, gone" tas, amma ya rubuta "I went to market to buy shirt" ya ga babu abin da ya rage. Mai duba takardar jarrabawar BECE ko WASSCE kuwa zai ja masa layi biyu: ɗaya kafin "market", ɗaya kafin "shirt". Aikatau ɗin daidai yake. Abin da ya ɓace shi ne 'yar kalmar da ke shiga tsakanin aikatau da sunan da ke biye da shi, irin su "a", "an", "the", "some", "any", "my".

Dalilin ɓatan a bayyane yake ga mai jin Hausa. Mu kan ce "na tafi kasuwa na sayi riga", suna tsirararsa, jimla ta cika. In muna son fayyacewa sai mu ce "wata riga", in kuma an riga an ambace ta sai mu liƙa madanganci a ƙarshe mu ce "rigar", ko "littafin". Wato wannan alamar tamu a wutsiyar suna take, kuma ba dole ba ce. Ta Ingilishi a gaba take, kuma a wurare da yawa tilas ce. Shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin giɓin.

Doka guda ce ke maganin rabin matsalar: sunan abin da ake iya ƙirgawa, in tilo ne, ba ya tsayawa shi kaɗai bayan aikatau. "Buy a shirt", "buy the shirt", "buy this shirt", duk sun yi; "buy shirt" bai yi ba. In jam'i ne, ko abin da ba a ƙirga shi, zai iya tsayawa haka nan: "buy shirts", "buy rice", "sell charcoal". Abincinmu ma a nan ya faɗo. "I bought waakye" daidai ne, ba a sa masa "a", sai dai a ƙirga mazubin a ce "a plate of waakye". Ita kanta kalmar daga "wake" namu ta fito, kamar yadda "tuo zaafi" ya fito daga tuwon zafi.

Inda aka fi zamewa shi ne wurin "yi". Hausa tana ɗora aiki mai yawa a kan wannan aikatau ɗaya: yi wanka, yi kuskure, yi hira, yi gyangyaɗi, yi aikin gida. Ingilishi ya raba wannan kaya tsakanin "have", "make", "take" da "do", sannan kowanne ya zo da tasa 'yar rakiyar. Yi wanka "have a bath" ne, yi kuskure "make a mistake", yi hira "have a chat", ɗan runtsawa da rana "take a nap". Amma wanke-wanke "do the dishes" ne, da "the", aikin gida na makaranta kuma "do your homework", ba "do a homework" ba. Babu wata hikima da za ta gaya maka me ya sa ƙarya take "tell a lie" gaskiya kuma "tell the truth", in ban da cewa ƙarairayi suna da yawa, gaskiya ɗaya ce. A ganina ɓata lokaci ne a koyar da "make" daban, "mistake" daban. A haddace su a dunƙule, kalma uku tamkar ɗaya, yadda yaro ke koyon "barka da asuba" ba tare da ya rarraba ta ba.

Sai batun "go" da wurare. "She goes to school" na nufin ɗaliba ce, karatu ke kai ta. "She went to the school" na nufin ta je ginin makarantar, wataƙila uwa ce ta je biyan kuɗi ko ganin malami. Haka "go to prison" ɗauri ne, "go to the prison" ziyara ce. Kada ka rikita su a wasiƙa, don kana iya ɗaure mutum da alƙalami. Asibiti yana da ɗan bambanci: a Ingilishin Ingila, wanda makarantun Gana ke bi, "he is in hospital" na nufin an kwantar da shi, mutanen Amurka kuwa "in the hospital" suke cewa ko majinyaci ne ko mai dubiya. Wannan sassaucin na sunaye kaɗan ne: "school", "church", "prison", "bed", "work", "town". Kasuwa da banki ba sa ciki, "go to the market", "go to the bank". Masallaci ma a rubutu "go to the mosque" aka fi yarda da shi, duk da cewa a baka za ka ji ana jefar da "the". Sunan wuri na kansa yawanci ba ya buƙatar "the": "go to Kejetia", "go to Adum". Gida kuwa ko "to" ba ya ɗauka, "go home" kawai.

Abin hawa: "take a trotro", "take a taxi", amma da zarar "by" ta shigo sai 'yar kalmar ta fita, "go by trotro". "By a trotro" sai dai in motar ce ta buge mutum.

Ga wani wuri da madangancinmu da "the" suka raba hanya, kuma malamai ba su cika faɗa ba. Mu ba ma cewa "ranar ta fito" sai in an yi maganarta a baya. "Rana ta fito" muke cewa. Ingilishi yana sa "the" ga duk abin da mai magana da mai sauraro suka san wanda ake nufi, ko ba a taɓa ambatarsa ba: "shut the door", "switch off the light", "the sun has set". Don haka wanda ya ɗauka cewa "the" daidai take da "-n" da "-r" zai riƙa barin ta a inda ake nemanta.

Gaɓoɓin jiki kuma mallaka suke so. "Na wanke hannu" ya wadatar a Hausa, kowa ya san hannun wa. Ingilishi sai ka faɗi mai shi: "I washed my hands", "brush your teeth", "she broke her leg". In mutumin ne karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, gaɓar ta biyo baya, sai "the" ta dawo: "he hit me on the head". Ciwo ma ba tafiya ɗaya yake ba: "have a headache", "catch a cold", amma "have malaria", "have diabetes".

Akwai sunayen da Hausa ke ƙirgawa Ingilishi ba ya ƙirgawa. Muna da shawara da shawarwari, labari da labarai. Ingilishi ba shi da "an advice" ko "advices". "Give advice" ne, ko "give some advice", ko "a piece of advice". Haka "information", "equipment", "furniture", "luggage", "news". Allunan shaguna cike suke da "equipments", amma takardar jarrabawa ba ta karɓa.

'Yan kasuwa su lura da "change". "I need change" canji kake nema, a fasa maka sidi 50. "Keep the change" riƙe ragowar. "I need a change" kuwa ka gaji da halin da kake ciki ne, kana son sauyi. "Do you have time?" tambaya ce ko kana da sarari, "Do you have the time?" ƙarfe nawa ake tambaya. "I have a little money" akwai ɗan abin da za a taɓa. "I have little money" kuka ne na rashi. Haka "a few customers" da "few customers".

"Some" da "any" sun fi sauƙi in ka tuna da "ko" ta Hausa a "ba ni da ko sisi". Korewa da yawancin tambayoyi "any" suke ɗauka: "I don't have any change", "Did you sell any?" "I don't have some", da ake yawan ji a bakin titi, ba ta shiga rubutu. Tayi da roƙo ne ke riƙe "some" a tambaya: "Would you like some koko?"

Zaɓi tsakanin "a" da "an" sauti ne ke yanke shi, ba harafi ba: "wait an hour", "meet an MP", amma "wear a uniform", "attend a university".

Wurin duba rubutu, sa yatsa a kan kowane aikatau ka nemo sunan da ya biyo shi. Tambayi kanka ko ana ƙirga shi. In ana ƙirgawa kuma tilo ne, dole wani abu ya tsaya a gabansa. Sannan ka tambaya ko mai karatu ya san wanda kake nufi: in ya sani "the", in bai sani ba "a" ko "an". In aikatau ɗin "have", "make", "take", "do" ko "go" ne, kada ka dogara da wannan awon, buɗe ƙamus a ƙarƙashin sunan, ba aikatau ba, ka kwafi misalin da aka bayar dungurungum.