Alhamis, aji shida ya zama kufai

Yau ranar kasuwar Maigatari, ga kuma kakkaɓar riɗi. Monita ya kira suna, mutum goma sha tara cikin arba'in da shida. Firinsifal ya leƙo ta taga, ya girgiza kai, ya wuce.

Bayan tara Mai'unguwa ya zo da kansa, ya jingine kekensa a gindin darbejiya. Ashe sakamakon ɗansa Auta na zangon da ya wuce ne sai jiya ya faɗo daga aljihun wando wajen wanki. Muka gaisa, muka taɓa zancen kaka, har da dariyar akuyar maigadi da ta cinye rabin jadawalin da aka manna a allo. Sannan ya miƙo takardar.

"Malam, karanta mini. Likita nake so ya zama, an ce ya ci."

"Ranka ya daɗe, ya ci wasu. Kimistiri D7 ne."

"To ai ba faɗuwa ba ce, in ji shi."

A nan aka daɗe. Na zana masa a bayan takardar: A1 zuwa C6 su ne kiredit, C6 ɗin daga maki 50 take farawa. D7 da E8 sunansu fas, amma jami'a ba ta ƙirga su. Likitanci kuwa, ko a Bayero ko a Dutse, kiredit biyar ake nema a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, ba kowane biyar ba. A1 ɗinsa ta Hausa da B2 ta Addini abin alfahari ne, sai dai ba sa toshe gurbin Kimistiri. Ko makarantar koyon jinya waɗannan biyar ɗin take so.

Ya ce to yaron ba shi da ƙwaƙwalwa ke nan? Na ce yana da ita, Alhamis ce ba shi da ita. Na ɗauko rajista. Tun aji huɗu kusan duk Alhamis yana kasuwa wajen awo. Zango mako goma sha uku ne, shekara mako talatin da tara, shekara biyu kwana saba'in da takwas ke nan, alhali zango guda cur kwanakin karatunsa sittin da biyar ne. Kuma darasin Kimistiri mai awa biyu a jere, wanda ake shiga ɗakin gwaji, ranar Alhamis yake faɗowa. Yaron bai taɓa riƙe buret, bututun gilashin da ake ɗiga asid da shi, da hannunsa ba. Ranar firaktikal za a ba shi fifet, siririn bututun awon ruwa, ya auna mililita 25, ya ɗiga asid har ruwan ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, ya maimaita sau uku, ya rubuta kowane awo da lamba biyu bayan ɗigo. Wanda ya rubuta 24.5 a maimakon 24.50 ya zubar da maki, ko da aikinsa daidai ne. Wannan a hannu ake koyonsa, kwafar littafin aboki ba ta bayarwa.

Sai maganar makin aji. A nan gwaji biyu maki goma-goma ne, aikin gida goma, jarrabawa saba'in. Wanda ya tsallake gwaji biyu, 50 ɗin da yake nema sai ya tono ta cikin 80. Makin nan kuma ba a aljihun tebur yake ƙarewa ba, ana tura wa WAEC na aji huɗu da biyar da shida. Yara suna ɗauka jarrabawar fita a watan Mayu take farawa. Ta fara tun ranar da suka shiga aji huɗu.

Mai'unguwa ya yi shiru, ya gyara hula. "To Malam, wa zai tsaya mini a kan buhu? Yayyensa duk suna ci-rani."

Ba ni da amsar wannan. Abin da na iya shi na faɗa: a sake shi daga takwas zuwa biyu, ya bi motar yamma in dole ne. Shi kuma Auta nasa kason ya fi yawa, don ba duka laifin kasuwa ba ne. Ranar Litinin ma sai an gama taron safe yake shigowa. Ya cike littafin rubutunsa kafin hutu. Tambayoyin shekarun baya, takarda ɗaya kowane dare bayan isha'i, da agogo a gabansa. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran ukun, wato daƙiƙa arba'in kowace tambaya, a kan kwamfutar da bai taɓa zama gabanta ba. Kuma a duba NIN ɗinsa tun yanzu: in an sa sunan kaka a can, an sa na uba a rajistar makaranta, ko ranar haihuwa ta bambanta, gyaran ya fi rajistar kanta wahala.

Ya ce zai yi shawara da uwar ɗakinsa. Ya naɗe takardar huɗu, ya cusa a hula.

Sauran ranar ba wani abu. Alli ya ƙare, an aro daga firamare. 'Yan aji biyar sun tambayi yaushe ne kwalifayin, jarrabawar tantancewa kafin ta fita, kamar sanin ranar zai karanta musu. Uwargida ta yi ɗanwake, manja ya yi yawa.

Da magariba motar kasuwa ta sauke mutane a bakin masallaci. Auta na saman buhuna, fuska duk ƙura, yana ƙirga canji da sauri ba tare da ya kalli yatsunsa ba. Lissafi C5 ya samu. Ya hango ni, ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, bai tambayi abin da aka yi a aji ba, ni ma ban ce komai ba.

Gwaji na biyu Alhamis mai zuwa ne. Na je in roƙi malamin Kimistiri ya mayar da shi Laraba, na tarar ya tafi ɗaurin aure.