Mako Na Bakwai Da Farantin Sola A Kan Tafkin Kifi

'Yan uwana masu koyo, yau mako bakwai ke nan da na ɗora farantan sola biyu, kowanne mai wat 100, a kan jarkoki takwas da na haɗe da gora, na tura su tsakiyar tafkin kifinmu domin su riƙa juya ɗan famfon da ke motsa ruwa. Zafi ne ya sa na fara wannan aiki, domin farantin silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da zafin jikinsa ya haura 25, kuma duk wanda ya taɓa ɗora hannu a jikin farantin da ke kan rufin kwano da tsakar rana ya san inda zafin yake kaiwa. A kan ruwa kuwa, iska mai sanyi tana ratsawa ta ƙarƙashinsa, inuwarsa kuma tana rage ƙafewar ruwan.

Haɗa wayoyi bai ba ni wahala ba, tunda na ɗaure mahaɗarsu sama da ruwa. Ɗaurin jirgin, wato jarkokin da na haɗe da gora, shi ne ya kusa gagara ta. Da farko na jefa bulo a ƙasan tafkin da gajeriyar igiya, sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tafkin ya cika, igiyar ta janyo kusurwa ɗaya ta nutse. Da na sassauta ta, iska ta kwashi jirgin ta buga shi da gaɓa. Kada ku raina wannan matsala, domin ko a madatsar ruwa ta Yamakura da ke Japan, inda aka shimfiɗa tashar sola mai megawat 13.7 a kan ruwa, guguwar watan Satumba na 2019 ta tsinke ɗaurin, farantai suka hau kan juna har gobara ta tashi.

Yanzu igiya huɗu nake amfani da su, kowacce da turkenta a gaɓa, kuma na rataya dutse a tsakiyar kowacce, ta yadda idan ruwa ya hau dutsen zai ɗaga, idan ya sauka kuma ya ja rarar igiyar ƙasa. An yi iska sau biyu tun daga nan, jirgin bai bar wurinsa ba.

Saura balbelu, waɗanda suka mai da farantan wurin hutawa, alhali kashinsu ko a gefe ɗaya ya zuba yana rage wutar faranti gaba ɗaya. Kullum da safe nake janyo jirgin in goge, amma a mako mai zuwa zan gwada ja siririn zare a samansu.