Yadda ɗan Maraɗi ya zama ɗan Jibiya

Talata. Ban karya ba na fita, saboda Auta ta ɓatar da takalmin makaranta ƙafa ɗaya, sai a bayan randa muka tsinto shi. Zafi tun ƙarfe takwas.

Yau ne gwajin nan da na ishe ku da zancensa tun watan jiya. An ce mu sabunta shafin intanet na sashen digiri na biyu na jami'armu don a jawo ɗalibai daga ƙasashen waje, ni kuma na kafe a kan ba za a taɓa ko launi ɗaya ba sai mun zaunar da irin ɗaliban da ake nema, sun shiga shafin muna kallo. Oga ya ce ɓata lokaci ne, shi dai a sa jirgi marar matuƙi ya ɗauko hoton babbar ƙofa daga sama. Na ce mutum biyar kacal nake so, Jakob Nielsen, masanin gwajin shafukan intanet, ya rubuta tun 2000 cewa biyar sun isa su tono galibin matsalolin shafi. Ya ce to, a sayo lemo, amma kada ya wuce biyar.

Huɗu suka zo. Biyu daga Nijar, ɗaya daga Injamena, sai wata 'yar Garwa ta Kamaru. Sharaɗin kuwa mai sauƙi: kowa da wayarsa, ya yi kamar yau yake neman gurbin karatu, duk abin da ya zo masa a rai ya faɗa a fili, ni kuma ba zan sa baki ba ko da ya maƙale.

Ɗan Maraɗin ne ya hana ni sakat.

Yaro ne mai natsuwa, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya yi lisans ɗinsa, wato digirin farko, yanzu yana shekarar farko a wajenmu. Na ɗauka ai ya san fom ɗin neman gurbin karatu, tunda ta nan ya shigo. Ashe wancan karon mai kafen intanet ne ya cika masa, shi yana zaune a benci. Yau ne karon farko da ya gan shi da idonsa.

Suna ya wuce lafiya. Da ya zo lambar waya ya rubuta tasa ta gida, lambobi 8 kamar yadda suke a Nijar, sai jan rubutu ya fito wai sai 11. Ya nemi inda zai sa +227, babu. Ya yi ɗan jim, ya ƙara sifili uku a gaba, fom ya karɓa. Na rubuta a takardata, ban ce komai ba.

Sai jihar asali. Ya buɗe jerin, jihohi 36 da Abuja. Ya gangara har Zamfara, ya sake haurawa Abiya, ya sake gangarowa a hankali kamar mai neman sunansa a allon sakamako. Ya danna Katsina. Ƙaramar hukuma, ya danna Jibiya, ko tsayawa bai yi ba.

Nan na karya dokata da kaina. Na ce, me ya sa Jibiya?

Ya ce, "Madan, ita ce kusa da gida. In kun wuce Ɗan Isa kun ƙetara iyaka, ai Jibiya ce." Ya yi 'yar dariya. "Haka mai kafe ya yi mini. Mu duka 'yan wajenmu a nan 'yan Jibiya ne."

Ni ma na yi dariya a lokacin, Allah ya sani. Yanzu da nake rubutawa ba ta zo mini ba.

Ya ci gaba. Matsayin digiri: ko mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba, ko ƙarama. Shi kuwa makinsu a kan 20 ake lissafa shi, lisans kuma shekara 3 ce ba 4 ba, babu gurbin da zai faɗi haka. Ya zaɓi na tsakiya, ya ce kada ya yi wa kansa ƙarya da yawa. Daga nan sai lambar takardar bautar ƙasa, da jan tauraro a gefenta, ma'ana dole. Ina ɗan Nijar ina bautar ƙasar Najeriya? Ya gwada barin wurin fayau, fom ya ƙi. Ya rubuta "babu", ya ƙi. Sai ya kife wayar a kan tebur, ya dube ni ya ce, "Ku yi mini haƙuri madan, na ɓata muku aiki. Ni ban iya wanga abu ba."

Shi ke ba ni haƙuri. Ni na gina fom ɗin nan, shekara shida ke nan. Ni na sa jan tauraron da hannuna, na ma tuna ranar, wani Dakta a sashen ya ce yara suna tsallake wurin suna ba shi wahala, na ce minti biyu ya isa in gyara. Minti biyun ne kuwa. Ban taɓa kawo wani a raina ba sai ɗan Najeriya mai WAEC da bautar ƙasa da ƙaramar hukuma. Na ce masa ba laifinsa ba ne, shafin muke gwadawa ba shi ba. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba.

Sauran ukun, a gurguje. 'Yar Garwa kuɗin makaranta take nema, ta shafe minti bakwai kafin ta same shi a cikin wata takarda da aka ɗauka a karkace, sai an juya waya, kuma da naira kawai. Ta ce babanta da sefa yake lissafi. Ta kuma tuna mini cewa sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar, darajarsu ɗaya amma takardun ba ɗaya ba. Ɗan Injamena tambayarsa biyu: akwai ɗakin kwana, kuma wa zai yi wa magana a WhatsApp. Dukkansu babu a shafin. Jawabin maraba na shugaban jami'a da ya cinye rabin shafin farko, ko mutum ɗaya bai karanta layinsa na biyu ba.

Bayan azahar na shiga rumbun bayanai, na nemo 'yan Jibiya masu lambar waya da ta fara da sifili uku. Sun fi yadda na zata. Wato adadin nan da ake ta kuka da shi a taro, wai ɗaliban wajenmu ba su taka kara sun karya ba, mu muka rage shi. Suna cikin aji, mun rubuta su Katsinawa. Waɗanda suka maƙale a bautar ƙasa suka rufe waya suka tafi wata jami'ar kuwa, su ko alamarsu ba ta nan.

Na kai wa Oga. Ya saurara, ya ce lallai abin dubawa ne, a kai kwamiti ranar Alhamis. Sannan ya ce, amma dai hoton ƙofar yana nan ko?

Yana nan, ranka ya daɗe.

A kwafin gwaji na riga na sa tambayar ƙasa a farko, na cire tauraron, na buɗe wa lambar waya hanya. A shafin gaske ba ni da ikon taɓawa sai an sa hannu.

Tuwon dare ya yi ruwa, Baban Auta bai ce uffan ba, Allah ya saka masa. An ɗauke wuta tun magariba.

Da yaron zai tafi, lemonsa a hannu bai buɗe ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in an gyara za a mayar da shi Maraɗi a takardunsa? Na ce zan tambaya. Har yanzu ban san ofishin da zan fara zuwa ba.